Sunan Baba a Cikin Kubba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba? Ɗan'uwana Dewey ya ce Baba ya daina cin abinci, ke kuwa kullum "da sauƙi". Don Allah ki gaya mini gaskiya.

Ni lafiya lau nake, barci ne dai ya ƙi. Muna nan rataye da igiya a kan kubbar majalisar jiha, muna manna mata zinariya. Tun da aka sake gina ta bayan gobara, sau ɗaya aka sabunta zinariyar, da Baba aka yi. Na roƙi shugaban aikinmu ya bar ni in zo gida. Ya ce, "Haba Delphine, sanyi na shigowa, gam ɗin da muke manna zinariyar da shi zai daina kamawa. Kika tafi, wa zai ƙarasa?"

Jiya na shiga cikin kubbar, na ga "Orval Tackett" a jikin katako, sunan Baba da rubutun hannunsa. Kin san al'adar: wanda ya koya maka aiki shi ke miƙa maka ƙusar da za ka zana sunanka. Kowa ya zana nasa, ban da ni, don Baba ne ya koya mini aikin.

Ki lallashe shi ya ci abinci, Mama. Na bar fili a ƙarƙashin sunansa, kuma ba zan karɓi ƙusar kowa ba sai tasa.

'Yarki,
Delphine