Mutumin da Ba Ya Girgiza Kai

Talata, 12 ga Fabrairu

Arizona, ranar farko ta atisaye. Gwiwar hagu ta fara gaishe ni tun kafin in gama ɗaure takalmi. Ba laifinta. Shekaruna talatin da bakwai, rabinsu a tsugune na yi su bayan mai sandan dukan ƙwallo, ina cafke jifan mutane.

Bajapanen ya iso. Nagumo sunansa. 'Yan jaridar da suka biyo shi sun fi mu 'yan wasan yawa. Dala miliyan casa'in aka zuba a kan mutumin da bai taɓa jefa ƙwallon besbol ko ɗaya a ƙasar nan ba. Ni kuwa kwantiragin shekara ɗaya gare ni, kuma Koci Stoltz bai ɓoye min ba: "Dewey, don shi aka riƙe ka. Ya ce mai furfura yake so ya jefa wa. In kun daidaita, kana nan. In ba ku daidaita ba, ga Osmel can yana jira."

Osmel shekararsa ashirin da huɗu, gwiwoyi kamar sabuwar roba.

Nagumo ya cire hula ya rusuna min. Na rasa abin yi, na miƙa masa hannu yana cikin safar cafke ƙwallo.

Alhamis, 21 ga Fabrairu

Yau na ga abin da suka saya. Miƙaƙƙen jifansa ba wani abin a zo a gani ba ne, muna da irinsa a kowane lungu. Amma akwai wani jifan da yake yi, ya ware yatsu biyu ya cusa ƙwallon a tsakani. Tana tahowa sak kamar za ta faɗa safata, sai ta nutse ta daki ƙasa a gaban ƙafar mai sanda. Na sa mata suna Mai Nutso. Ba mahaluƙin da zai doki wannan.

Sai dai ba cafke ta ake yi ba, tare ta ake yi. Ka zube gwiwa biyu a ƙasa ka ba ta ƙirji. Na tare 'yan kaɗan, na miƙe ina murmushi, na koma ɗaki na wuni da ƙanƙara a ƙafa.

Matata Corinne ta kira daga gida. "Ya gwiwar?"

"Wace gwiwa?"

"Dewey, shekara goma sha uku da aure, ni za ka yi wa wannan?"

Asabar, 6 ga Afrilu

Wasansa na farko. Mun sha kashi.

Abin da ya ba ni mamaki daban ne. Ni ke zaɓen jifa, da yatsu a tsakanin cinyoyi: ɗaya miƙaƙƙe, uku Mai Nutso. In mai jifa bai yarda ba ya girgiza kai, in sake. Kowa yana girgizawa. Na taɓa aiki da wani ɗan Texas da ke girgiza kai tun kafin in fito da yatsa. Nagumo kuwa ko sau ɗaya. Ka nuna, ya gyaɗa, ya jefa. Daɗin aiki.

In ba ɗan adawa a zango, wato matsayai ukun da ake bi kafin a dawo gida a ci maki, nakan kira Mai Nutso, in ta wuce ni ta wuce, ba asara. In kuwa akwai mutum a zango na uku, wanda ƙwallo na kuɓuce min zai rugo gida ya ci maki, ɗaya nake nunawa. Dabarar wasa ce. Haka zan ce wa duk wanda ya tambaye ni.

Lahadi, 28 ga Afrilu

A hanyar filin wasa na kunna rediyo, masu kira sun yi wa Nagumo ca. Wani ya ce 'yan Japan tun suna sakandare ake tatse musu hannu, ragowa ake sayar mana. Wani ya ce can sau ɗaya a mako suke jifa, mutum ya yi wasa ya tafi hutu kamar ma'aikacin banki. Wata tsohuwa ta ce, "Da kuɗin nan da mun samu 'yan gida uku har da canji, yaro!"

Na ji bakina yana cewa, "Faɗa musu, Mama." Ni kaɗai a mota. Na kashe rediyon.

Ni dai tambayar ba ta taɓa yi min daɗi ba. Wai sun cancanci kuɗin ko ba su cancanta ba, kamar injin wanki aka sayo. Hannu ake saya, amma hannun nan wani yake jefa wa, kuma ba wanda ke tambayar wane ne wanin. Gara haka.

Laraba, 15 ga Mayu

'Yan kallonmu sun yi masa ihu yau, a gida. Da Koci ya cire shi, ya tsaya a bakin layi ya juya ya rusuna wa filin, ana ta ihun. Ya ce wa 'yan jarida laifinsa ne, jifansa bai je inda aka nema ba.

Ya je daidai inda na nema.

Litinin, 27 ga Mayu

Ba wasa yau. Corinne ta matsa sai da na gayyato shi gashin nama a tsakar gida, shi da Isamu tafintansa. Ita ba ta iya shiru ba.

"Isamu, tambayar min shi, me ya sa bai taɓa yi wa mijina musu? Ni kullum ina yi, kuma ina da gaskiya."

Isamu ya juya masa. Nagumo ya ajiye faranti ya daɗe yana magana.

"Ya ce inda ya tashi, mai cafkewa shi ke riƙe da gida, har ce masa ake matar mai jifa. Kuma kocinsa na sakandare ya hore shi cewa ƙarami ba ya girgiza wa babba kai a gaban jama'a. Ya ce in Dewey-san ya nuna ɗaya, to ya ga abin da shi bai gani ba."

Corinne ta kwashe da dariya. "To amarya, juya naman, yana ƙonewa!"

Ni ban yi dariya ba. Wata biyu ina zaton yarda yake yi da ni, ashe biyayya ce.

Da za su tafi ya miƙo min wani ƙunshi da hannu biyu, an naɗe shi kamar kayan biki. Sai da motarsu ta fita na buɗe. Filastar ciwon gaɓɓai ce irin tasu, mai ƙamshin na'ana'a, kwali guda, da maɗaurin gwiwa. Na hagu.

Ya sani. To ina zai rasa sani, mutumin da ke tsaye a kan tudun jifa yana kallona gaba da gaba? Ya sani, yana gyaɗa kai, yana shan ihu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Corinne ta dubi kwalin ta dube ni, ta kwashe farantai ta shige ciki.

Alhamis, 30 ga Mayu

Koci ya ce wasan Lahadi ne damar Nagumo ta ƙarshe. In ya sake lalacewa za a cire shi daga sahun masu fara wasa, jaridu kuma su gama da shi.

Na ja shi wurin ɗumama hannu, shi da Isamu.

"Faɗa masa a ƙasar nan, in ba ka girgiza wa mutum kai ba, raina shi ka yi."

Isamu ya harare ni. "Haka ne?"

"Kai dai fassara, malam, ba alƙalanci aka ɗauke ka ba."

Na tsuguna na nuna ɗaya. Ya gyaɗa. Na ce a'a, girgiza. Ya ce ta bakin Isamu wai wuyansa ba zai yarda ba. Na ce, "Girgiza, ɗan banza, miliyan casa'in ba su haɗa da wuya ba?" Ya ɗan motsa kai kamar mai korar ƙuda, nan take kuma ya cire hula ya rusuna. Har Isamu sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Muka yi ta yi har ya iya.

Ban san me ya sa na yi ba. Na sani. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Wasan rana. Zagaye na bakwai, muna gaba da maki ɗaya, akwai mutum a zango na uku. Mai sandansu ya kuskure biyu, saura ɗaya ya fita a tashi zagayen. Na yi niyyar nuna uku, na rantse. Da na duba, yatsa ɗaya ne a ƙasa.

Nagumo ya daɗe yana kallona. Sannan ya girgiza kai. Sosai, kamar ɗan Texas.

Na nuna uku.

Ban taɓa ganin jifa mai kyanta ba. Mai sandan ya kai duka ya doki iska har hularsa ta faɗi. Na ce wa gwiwa sauka, ta dama ta sauka, ta hagu ta ƙi. Ƙwallon ta bi ta ƙarƙashina ta yi baya. A doka, in ban riƙe ta ba mutumin bai fita ba. Na zango na uku ya shigo gida yana tafiyar ƙasaita. An nuna abin a babban allo, a hankali, har da maimaici, ƙafata a sandare kamar ta tebur. Wannan karon ihun nawa ne.

Ya sake girgiza min kai a kan na gaba. Wannan na tare ta da maƙogwaro. Mun sha kashi duk da haka, amma kowa ya ga abin da aka saya.

Koci ya kira ni ofis. "Na koma na kalli wasanninsa. Duk sanda aka sami mutum a na uku, ɗaya kake nunawa."

Talata, 4 ga Yuni

An sallame ni.

Ina haɗa kaya Nagumo ya zo, ba Isamu. Ya rusuna ya ƙi ɗagowa, har 'yan wasan da ke ɗakin suka juyo suna kallo. Da bakinsa ya ce, "Yi haƙuri, Dewey-san."

"Haƙurin me? Ɗago, kana ba ni kunya. Osmel yaro ne, ka girgiza masa har kansa ya yi ciwo."

Ban san ko ya gane ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Gida, Tennessee. An yi wa gwiwar aiki, ina tafiya da sanda kamar kakana. Maƙwabcina Hoyt ya shigo kallon wasa, ya zo da giyarsa ya cinye min gyaɗa. Nagumo ya jera nasarori tun watan Yuni, masu kiran rediyon nan yanzu cewa suke a koma Japan a ƙaro biyu.

"Dubi girman kai," in ji Hoyt. "Sai girgiza wa yaron nan kai yake. Tsakani da Allah, Dewey, kai da ka zauna da shi, ya ci kuɗinsa?"

Na ce ni ina na sani, ni da ya kora daga aiki.

Zagaye na takwas, mutum a na uku. Nagumo ya girgiza, ya sake girgizawa, sannan ya gyaɗa. Ta nutse, Osmel ya zube ya tare ta da ƙirji kamar ba komai.

Corinne ta ce wai ta ga yatsuna uku a tsakanin cinya tun kafin ya gyaɗa. Sharrinta ne. Filasta nake gyarawa. Ta kusa ƙarewa ma, kuma ba a sayar da irinta a nan. Ba zan tambaye shi ba.

Wataƙila in kira Isamu. A kan filastar kawai.