Ledar Gilashin Motar Nan Ta Yi Rana

Zuwa ga ɗana Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Daura sai godiya.

Na janye faɗan da na yi maka kan ledar kariya da ka sa aka manna wa gilashin motata, har na kira ta almubazzaranci. Ranar Lahadi muna dawowa daga Mai'adua, tifa ta watso mana tsakuwa daidai fuskar mahaifiyarka. Ledar ta yage, amma gilashin ko tsagewa bai yi ba. Mahaifiyar taka ce ta ce lallai in rubuto in ba ka gaskiyarka. To, na ba ka.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da jikokina.

Mahaifinka.