A Hagun Baba

Asabar, 19 ga Yuli

Ka yi haƙuri, littafi. Umma ta saye ka ne don in riƙa bitar lissafi a hanya, ga shi na fara ɓata ka da surutu. Ni ba wata mai iya rubutu ba ce. Ko a aji, in Malama ta ce in karanta abin da na rubuta, muryar ƙin fita take yi. Amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan, don na yi wa Baba alkawari.

Idon Baba yana tafiya. Tsakiyar abu ce ba ya gani, sai gefe-gefe, likita kuma ya ce ƙaruwa zai yi. Shi ya sa muka taso yanzu. Shekara da shekaru yana koyar da labarin ƙasa, yana nuna wa ɗalibai gandayen namun dajin wannan ƙasar waje da muka zo a taswira, bai taɓa shiga ko ɗaya ba, alhali a nan ya yi karatu. Zai kuma ziyarci abokansa na wancan lokacin. Sharaɗin shi ne kada su sani. "Ban zo a ji tausayina ba, Mamana. Dariya na zo a yi."

Umma ta ce in riƙa tsayawa a hagunsa, wannan idon ya fi rauni.

Talata, 22 ga Yuli

Gandu na farko. Mota buɗaɗɗiya, mu da wasu baƙi. Mai jagora ya ce ba a ɗaga murya. Yau ne karon farko da aka ce kowa ya yi magana irin tawa.

Ya tsayar da mota, kowa ya ɗaga waya. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu, na ce masa a kunne, "Giwa ce."

"Giwa na sani, na koyar da ita har na gaji. Wannan ɗin nake tambaya."

Na ce babba ce. Ya ce to madalla. Kunya kamar in nutse.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na ɗan gyara. Na ce masa raƙumin dawa in zai sha ruwa sai ya ware ƙafafun gaba, irin yadda Kaka take yi in allura ta faɗi mata. Baba ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa suna rawa. Mai jagora ya harare mu.

Litinin, 28 ga Yuli

Bas tun safe. Baba yana gyangyaɗi, ni ina karanta allunan hanya kada a wuce da mu. Lissafi kuwa ko shafi ɗaya ban yi ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Gidan Gwaggo, matar abokin Baba da ya rasu. Ƙaramin gida a hawa na sama, tukwanen furanni har kan matakala, sai da na riƙa jan hannun rigarsa.

Ta fito da tsofaffin hotuna. Baba ya riƙe ɗaya yana ta "Allah sarki, Allah sarki," na san bai ga kowa a ciki ba. Sai na yi kamar tambaya nake: "Baba, wannan mai faffaɗan wando da ya jingina da keke, kai ne?" Nan ya kama labarin keken, har Gwaggo ta yi dariya da hawaye.

Da ta kawo shayi ba ta ajiye nasa a tebur ba. Ta juya hannun kofin ta sa masa a yatsu, ta ci gaba da hirarta. A kicin ina wanke kofuna ta ce, "'Yata, ke ma ki riƙa kallo don kanki." Ban ɗago ba.

Talata, 5 ga Agusta

Gandu na biyu, duwatsu ne da ruwa mai faɗowa daga sama. Baba ya tsaya feshin yana jiƙa masa fuska, ya ce, "Wannan kam da kaina na gan shi." Na ji daɗi. Na kuma ji kamar an sallame ni daga aiki. Ban san me ke damuna ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Mun iso gidan Baffa Dogo. Ɗaki ɗaya suka zauna da Baba suna ɗalibai, yanzu garejin gyaran motoci gare shi a ƙasan gidan. Tun daga ƙofa ya kira Baba da laƙabinsa, ya ce, "Taswira, wa ya sace maka gashin kai?" Baba ya ce, "Wanda ya ba ka ajiyar teɓar nan." (Ni na raɗa masa zancen teɓar muna sauka daga tasi.)

Ni kuma Rediyo yake ce mini. "Rediyo, a ƙara murya mana, ko batir ne ya mutu?" Sai in sunkuyar da kai. Ina son sa dai. Baba bai taɓa yin dariya haka a gida ba.

Talata, 12 ga Agusta



Baffa ne zai kai mu gandu na ƙarshe a motarsa. Da safe muna loda kaya sai ya cillo wa Baba makulli. "Kai ka koya mini tuƙi, yau ka ja mu in ga ko ka manta." Makullin ya bugi ƙirjin Baba ya faɗi. Baba ya duƙa ya laluba, ya samu, ya yi dariya. Ya nufi ƙofar direba. Na jira ya ce wasa yake. Ya buɗe. Ya zauna. Kuma jiya Baffa da bakinsa ya ce hanyar duk kwana-kwana ce a gefen dutse.

Ban san muryata ta kai haka ba. "Baffa, Baba ba ya gani."

Har matar da ke shanya a gidan kusa sai da ta juyo. Baffa ya tsaya da jaka a hannu. Baba ya fito, ya ajiye makullin a kan mota, ya shiga baya. Baffa ne ya ja mu har muka iso.

Laraba, 13 ga Agusta

Bai ce mini Mamana ba. Sunana na makaranta ya kira, shi ma don in miƙo ruwa. Na saɓa alkawari, na sani. Da za a maido jiya, ban san me zan yi ba.

A'a. Na sani.

Alhamis, 14 ga Agusta

Akwai rumfar katako a saman tafki inda ake tsayawa a yi kallo. Hannun Baffa Baba ya riƙe, ni na tsaya baya. Dabbobi suka sauko shan ruwa, Baffa ya gyara murya.

"Ga wasu can. Masu ƙaho. Ga wasu kuma, su ma masu ƙaho."

"Me suke yi?"

"Tsayuwa."

Baba ya girgiza kai. Can sai ya miƙo hannun hagu baya, bai juyo ba. "Ina Mamana? Zo ki cece ni daga bakaniken nan."

Na faɗa masa tsohon ɓauna mai karyayyen ƙaho, da ɗan tsuntsun da ke kansa yana masa aski ba a sa shi ba. Da barewar da ta kai baki ruwa ta ga kanta ta zabura. Sai da na gama na lura Baffa ya juya baya yana goge ido, wai ƙwaro ne ya faɗa masa.

Da yamma sun daɗe a kan benci su biyu. Ban matsa kusa ba. Abin da na jiyo kawai, Baffa yana cewa, "Da na san ba ka gani, ai da ban wahala na rina gemu ba." Baba ya yi dariya har da tari.

Alhamis, 21 ga Agusta

Filin jirgi. Baba ya riƙe gwiwar hannuna a gaban kowa. Ni na yi wa matar da ke duba tikiti magana, na ce mahaifina ba ya gani sosai, a haɗa mu wuri ɗaya. Ba ta ce in maimaita ba. Ba wani abu ba ne, na rubuta ne kawai.

Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Ya dai ce in mun sauka in faɗa masa fuskar Umma lokacin da ta hango mu, kuma kada in kuskura in ce masa "tana murna" in yi shiru. Tun ɗazu nake neman kalmomin.

A gida ba ɓauna, ba tafki, sai tsakar gida da igiyar shanya da ƙannena. Su ma zai so a faɗa masa. In ba ka gaji da ni ba, littafi, ka bar ni in dawo gobe in fara gwadawa a jikinka kafin in kai kunnensa.