Sunanka a Gindin Katanga

Zuwa ga Sabitu mai fentin motoci, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, iskar teku mai shigo mini ta taga idan zafin Lome ya hana numfashi. Gaisuwa mai tarin yawa daga wadda tuwo ya daina yi mata daɗi saboda kai.

Ka tuna ranar da na fara ganinka a tashar jirgin ruwa? Na kai wa yayana Usaini abinci, kana durƙushe a bayan motarsa kana zana masa ɗawisu. Na ce ya fi kama da zabuwar da ruwa ya doka. Ko a jikinka, sai ka rubuta sunanka a ƙasan wutsiyar, ka ce mai aiki ba ya ɓoye hannunsa. Wannan taurin kan na so, shi ne kuma yau yake tsorata ni.

Tun da harsashi ya ɗauke Usaini a hanyar arewa, aka rasa mai cewa ga wanda ya harba, unguwarmu ta Zongo ta haɗiye kukanta. Kai ka ce katangar bayan kasuwa za ta yi magana. Ka zana karyayyar bindiga, ka ajiye kwanon fenti, ka ce duk wadda bindiga ta raba da nata ta tsoma tafi ta manna. Na ga Innarmu ta manna nata. Na ga Zabarmawa da Fulani, har da wata mai kifi daga unguwar Akodésséwa wadda ko "zo" ba ta ji da Hausa. Wallahi ban taɓa alfahari da mutum kamar ranar ba.

Amma Sabitu, tafin hannu ba shi da suna! Me ya kai ka rubuta naka a gindin katanga da manyan baƙaƙe, sai ka ce bayan mota? Mota tafiya take yi, katanga kuwa tana nan tsaye. Rediyo kullum cewa yake ƙasa lafiya lau, wanda ya zana bindiga ai ya ƙaryata rediyo ke nan. Jiya wasu mutum biyu masu rigar jam'iyyar gwamnati suka tsaya a rumfata, suka sayi goro ba su ci ba, suna tambayar wane ne Sabitu, ina yake kwana. Na ce ban san shi ba. Ni da bakina! Har yanzu harshena ɗaci yake.

Tsoro nake ji, masoyina. Kowace mota ta tsaya a lungunmu sai na tashi na leƙa. Na riga na ga an fita da makara ɗaya daga gidanmu, wanda aka tafi da shi a mota kuwa ko makararsa ba a gani. Don Allah don Annabi ka goge, shafa ɗaya ta buroshi ta isa. Hannuwan nan za su ci gaba da magana ko babu sunanka.

Sai dai na san wanda nake so. Za ka karanta, ka yi murmushin nan naka, ka maimaita mini maganar ranar ɗawisu. A gidanmu ni kaɗai ce ban manna tafina ba, tsoro ya hana ni. To idan ka ƙi gogewa, ka bar kwanon fenti a buɗe ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da layi ya cika da jama'a. Zan manna nawa a kan sunanka. Hannuna ƙarami ne, ba zai rufe shi duka ba, amma duk wanda ya zo karanta shi, da ni zai fara cin karo.

Taka a ɓoye, taka a sarari, har ranar da za a naɗe ƙasa,
Salamatou