Jan Farce a Kan Notin Kuloci

Doña Casilda,

"Na rantse da kabarin mahaifiyata, tsohuwa, ba zan sake taɓa wayar kulocin nan ba." Mijina ne ya faɗi haka makonni biyar da suka wuce, a ƙofar asibiti, hularsa a hannu. Ki taimake ni, ke mai ba mutane shawara, domin in ban rubuta miki ba sifana zan ɗauka, kuma ba mota zan nufa da ita ba.

Shekarata hamsin da huɗu. Na koyar da tarihi a sakandare har na gaji da alli. Muna da mota ɗaya, tsohuwar tasi mai bin layi, tana kwasar mutum biyar daga kasuwa zuwa unguwannin sama. Shi yake tuƙawa da safe, ni in karɓa bayan abincin rana. Zan kira shi Saturnino, tunda ba sunansa ba ne. Shekara talatin yana tuƙi a birnin La Paz, inda duk titin da ba hawa yake ba gangarawa yake, saboda haka kada ki ce bai san kuloci ba.

Tun watan Agusta na ji motar ta sauya. Da can kulocin a tsakiya yake kamawa. Sai ya koma ba ya kamawa sai na ɗaga ƙafata gaba ɗaya, gwiwata na neman sitiyari. Kuma fedar ba ta da wasa ko kaɗan, kina taɓa ta kin fara saki. Ni mai karatu ce, na ɗauko littafin motar na cinye shi daga bango zuwa bango. Na kai ta wurin Don Hilarión, makaniken da ya riƙe ɗiyarmu ranar baftisma. Ya danna fedar da hannu ya ce, "Haba Malama, wa ya ɗaure wayar kulocin nan kamar zai shanya wanki? Yatsu biyu na wasa take so kafin ta fara ja. In babu su, farantin kulocin ba ya zama daram, yana ta zamewa yana cin kansa." Ya sassauta noti, mota ta dawo hayyacinta.

Kwana uku, ta koma yadda take. Na mayar, ya gyara. Ta sake komawa. Na tambayi Saturnino, ya ce, "Tsufa ne, tsohuwa. Ke ma ba yadda na same ki kike ba." Da ya yi dariya ban yi ba.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru ana yayyafi. Na tsaya a tsakiyar hawa na ɗauki fasinja na biyar, wani mutum da buhun dankali. Na sa giyar farko, na ba ta wuta, na saki birkin hannu, na ɗaga ƙafa har ƙarshe. Injin ya yi kururuwa, wari ya tashi kamar an ƙona gashi, motar kuwa ta fara tafiya da baya. Na taka birki, amma duwatsun titin a jiƙe suke. Taku uku kawai muka zame. A taku na ukun akwai keken Doña Eulogia mai matse lemo, da bango a bayansa, da hannunta na dama a tsakani.

An sa mata ƙarafa biyu. Da hannun nan take matse lemo shekara ashirin. Duk Laraba ina kai mata miyar gyaɗa, tana ce mini, "Bar kuka, Malama, ai ba da gangan ba ne." Na gwammace ta zage ni.

A ƙofar asibitin ne Saturnino ya amsa cewa shi yake ɗaure wayar, wai haka ya fi jin daɗin tuƙi, ya kuma yi rantsuwar da na rubuto miki. Don Hilarión ya sa sabon faranti. Amma wanda ya karanta tarihi ya san darajar yarjejeniya bayan an nannaɗe takarda. Na ɗauki jan farcena na ja layi ɗaya a kan notin da zaren wayar. Makonni huɗu layin yana nan. Jiya na buɗe bonet, na tarar da layin ya rabu biyu. Na ƙirga zaren: an ƙara ɗaure notin zagaye huɗu.

Na san dalili. Abokansa direbobi suna tsokanarsa a tasha, "Saturnino, yau ma Malama ce ta ba ka aron mukulli?" So yake motar ta gagare ni, in koma gida in yi saƙa. Kuma ba nan kaɗai ya lalace ba. Shekara goma sha tara yana rawa da ƙungiyar unguwarmu a babban biki, bana ya ce kayan sun yi masa nauyi. Mutum mai tsawo irinsa yanzu janyo kujera yake gaba har ƙirjinsa ya kusa sitiyari, sai in zo in yi ta kokawa da ita. Takalmin da na saya masa a Kirsimeti ya riga ya goge bakin na hagu, don lalaci bai bar shi ya ɗaga ƙafa a matakala ba. In zai shiga mota sai ya kama wandonsa ya jefa ƙafar ciki kamar kayan wani. Kome nasa ya zama na ganin dama.

Ga abin da na yanke. Saura kwana goma sha ɗaya Talatar bikin Karnabal, ranar da kowa zai yi wa motarsa ado da furanni ya yayyafa wa tayoyi barasa don neman tsari. Ba zan tsaya kusa da shi ina roƙa wa wannan motar albarka ba. In har ranar ta zo bai mayar da notin da hannunsa a gabana ba, zan kai hoton layin nan gaban shugabannin tasha in gaya musu wanda ya karya hannun Doña Eulogia, sannan in kwashe littattafaina in koma wurin ƙanwata a Cochabamba. Ki gaya mini ko na yi daidai.

Malamar da ta gaji

*

Malama,

Abu na farko ba zai jira Talata ba. Motar nan ba za ta sake ɗaukar kowa ba daga yau, da safe ko da yamma. Mukulli ya kwana a jakarki. Ki kira Don Hilarión ya zo har gida ya mayar da yatsu biyun nan, ya kuma duba ko sabon farantin ya fara ƙonewa. A kan wannan kina da gaskiya ɗari bisa ɗari. Mijinki ya san abin da ɗaurarriyar waya take yi a kan tudu, ya ga hannun Doña Eulogia da idonsa, ya rantse, ya sake. Babu dalilin da zai wanke wannan, har wanda zan faɗa yanzu.

Ki sake karanta wasiƙarki kamar takardar jarrabawar wani. Direban da ya ɗaure wayar kuloci riba ɗaya yake samu: ba sai ya taka feda har ƙasa ba, ɗan dannawa kaɗan ya isa ya sauya giya. Wane ne yake bukatar haka? Ga dogon mutum yana janyo kujera gaba. Ga mai rawa ya bar rawa. Ga takalmi ya goge a baki, na hagu kaɗai. Ga hannu yana ɗaga ƙafa zuwa cikin mota. Da wace ƙafa ake taka kuloci, Malama?

Ni ba likita ba ce. Yana iya zama jijiyar baya, ko ciwon sukari, ko ƙaramin shanyewar jiki da ya wuce ba a lura ba, ko abin da ya fi waɗannan nauyi. Wasu ana maganinsu in an zo da wuri, shi kuwa tun Agusta yake ɓoyewa a ƙarƙashin bonet. Ba na jin so yake ya kore ki daga motar. Tsoro yake kada a kore shi. Kuma ina zargin kin sani. Macen da ta ƙirga zagayen noti ba za ta kasa ƙirga takun mijinta ba. Kin jera mini alamun nan ɗaya bayan ɗaya, kika sa musu suna lalaci, domin fushi ya fi sauƙin ɗauka.

Kada ki janye wa'adinki, amma ki sauya sharaɗin. Noti ba shi ne maganar ba. Ki zaunar da shi da rana, ba a gaban kowa ba, ki ce ya miƙe ya tsaya a kan dugadugansa ya ɗaga yatsun ƙafa. Ko ya iya ko bai iya ba, asibiti za ku kafin Talata, kuma ba zai koma bayan sitiyari ba sai likita ya yarda. In ya ƙi, ki je wurin shugabannin tasha kamar yadda kika ce, ba don ramuwa ba, don mutum biyar ɗin da ke shiga bayansa kowace safiya. Cochabamba kuwa tana nan, ba inda za ta. Ki fara jin abin da likita zai ce.

Abu ɗaya ya rage. Laraba mai zuwa shi zai ɗauki kwanon miyar, ya hau matakalar Doña Eulogia da ƙafar da yake da ita, ya gaya mata gaskiya da bakinsa. Kin daɗe kina ɗauke da laifin da ba naki kaɗai ba.

Allah ya ba ta lafiyar hannu, ya sa abin da ke ƙafarsa mai magani ne. Ke kuma ya ba ki ƙarfin tsayawa kusa da shi ranar da zai kasa ɗaga yatsun.

Doña Casilda