Ganye a kan titin ƙanƙara

Zuwa gare ka, Baban Abba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, ba kuma ni da adireshin da zan aika ta. Amma shekara ashirin da biyar kana sauraron mitata, ba za ka tsere mini yanzu ba.

Na fita takaba ranar Laraba. Gida lafiya. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, an kuma gyara katangar nan da ka yi ta cewa sai ka dawo.

Abokinka Yusufu, wanda kuke tuƙin tirela tare a Kanada, shi ya kira ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Ya ce dusar ƙanƙara ta yi ta zuba har mutum ba ya ganin hancin motarsa. Motoci suka yi ta wucewa, kowa na gudun kada a rufe hanya da shi. Kai kuwa ka ga motar wani tsoho da matarsa ta maƙale a kwana, ka tsaya. Ka kai su cikin motarka inda akwai ɗumi, ka ajiye alamun da dokarsu ta ce a ajiye, amma hankalinka bai kwanta ba. Sai ka tafi karyo ganye ka zuba a titi, kamar kana hanyar Jos. Wa ya ce maka sun san ma'anar ganye a can? Itatuwan bakin hanyar ma duk a kaɗe suke, sai da ka yi nisa kana neman mai ganye. Wanda ya buge ka bai ma gan ka ba.

Kwana biyar ka yi ba a kai ka makwanci ba, hanya a rufe. Mu da muke kai namu kafin azahar! A kwanakin nan biyar ban iya haɗiye ko koko ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yayanka Bala yana zama a zaure yana gaya wa masu zuwa gaisuwa wai wauta ce ta kashe ka, wai ƙauyanci ka kai wa Turawa. A gaban ɗanka yake faɗi. Ya kuma rantse ba wanda zai sake riƙe sitiyari a gidan nan, alhali Abba ya samu motar da zai riƙa ja zuwa Jos. Shekararsa ashirin da uku, tuƙinka ne a hannunsa, amma tun rasuwarka ko ƙarar hon ya ji sai ya sunkuyar da kai.

Wauta? Tsohon nan da matarsa suna raye. Yaya Bala, da ko akuya bai taɓa tsayawa ya ɗaga daga kwata ba, shi zai auna maka hankali?

Ni ma ina da laifi, bari in faɗa. Ka tuna ranar sunan ɗiyar ƙanwata, da ka tsaya wa mai a-kori-kura a hanya, muka isa an wanke tukwane? Kwana uku ban yi maka magana ba. Na kira ka bawan titi. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, ina kallonka ta taga kana tura motar nan da sabuwar shaddarka, zuciyata fal alfahari. Girman kai ya hana ni faɗa. Kuma ni na matsa maka ka tafi can ɗin, wannan ma ban manta ba.

Jiya na shiga zauren da kaina, a gaban mutane. Na gaida Yaya Bala yadda ya kamata, sannan na ce masa ɗana zai yi tuƙi, kuma duk wanda ya gani a maƙale a hanya zai tsaya masa. Ya ce na yi rashin kunya. To, na yi. In ya ga dama ya kai ƙarata duk unguwar Ƙofar Wambai.

Gobe da safe Abba zai ɗauki lodinsa na farko. Ina tsoro, Baban Abba, tsoro har cikin ƙashina. Amma gara in riƙa jiransa a bakin ƙofa da faɗuwar gaba, da ya zauna kusa da ni yana jin kunyar ubansa. Ni zan raka shi tasha, kuma ta cikin zauren za mu bi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ƙasar can ta yi maka ɗumi. Sai mun zo.

Matarka har gobe,
Hajara