Humra a Cikin Shinkafa

Talata, bayan isha'i.

Na gaji, jikina kamar an yi mini duka. Shekara shida ina tantance kaya a tashar nan, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ƙa'idar ba wuya, tunda mota ɗaya ce ta mutane da yawa: mai nauyi a ƙasa, mai cin wuri irin katifa a sama, mai fashewa ko mai ƙamshi a gefe, kuɗinsa ma daban.

Ya Falmata, ƙawar Inna, ta kawo buhu biyu za a kai Kano. Ta ce, "Ɗana, atamfa ce kawai." Na ji nauyin kwance mata kaya a gaban jama'a, na rubuta tufafi. Ashe kwalaben humra ta naɗe a ciki. 'Yan dako suka cusa su tsakanin buhunan shinkafar Zabarmari, ana jan igiya kwalaben suka fashe.

Mai shinkafar bai yi faɗa ba. Ya shinshina buhu, ya ce, "Wa ya rubuta?"

Na yi wanka sau biyu, har yanzu ƙamshin bai bar hannuna ba. Gobe ko Inna ce ta kawo kaya, sai na kwance.